Sankarar fata: a koya wa na'ura, amma hoton majiyyaci ya zauna a Birnin Kebbi

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka horar da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da hotunan fata kusan 130,000, har ta kamo ƙafar ƙwararrun likitoci wajen gane sankara. Sai dai galibin hotunan da ake koyar da irin waɗannan manhajoji na farar fata ne. Sanannen rumbun hotunan fatan nan HAM10000 daga Ostiriya da Ostireliya aka tattaro shi.

Ciwon kuwa daban yake zuwa mana. A baƙar fata, melanoma, wata irin sankarar fata, kan ɓullo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, manomi ya ɗauka kaushi ne ko tuntuɓe. Tsohon gyambo da tabon ƙuna kan rikiɗe su zama daji. Ga zabiya, wanda ranar Argungu ke gasa wa wuya da kunne tun yana yaro. Manhajar da ba ta taɓa ganin waɗannan ba, me za ta gaya wa likitan Zuru?

Dole ta ga hotunanmu. Amma wace mata ce za ta yarda hoton ƙirjinta ko cinyarta ya fita ƙasar waje? Ba na ganin laifinta ko kaɗan.

Shi ya sa nake goyon bayan tsarin koyon haɗin gwiwa da injiniyoyin Google suka fito da shi a 2016. Manhajar ce ke zuwa asibiti. Ta yi karatu a kwamfutar Asibitin Sir Yahaya, wata ta yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya, duk a Birnin Kebbi, kowacce ta aika lissafin abin da ta koya kawai, a haɗa su a samu ingantacciya. Hoto da suna suna nan inda aka ɗauke su.

Tsarin yana da rauni. Masana sun nuna ana iya tono wani abu na hoton daga wannan lissafi, sai an cakuɗa shi da lambobin ɓad-da-sawu ko an kulle shi kafin a aika. Kuma yana buƙatar wuta, intanet, da sakamakon gwajin tsoka da ke tabbatar da ciwon.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Saboda haka ina roƙon ma'aikatar lafiya ta Kebbi ta fara da takardar neman izini da Hausa, a karanta wa majiyyaci a bayyane, kuma wanda ya ce a'a a yi masa magani kamar kowa.