Amanar shugaban jami'a ba ta tsaya a bakin katanga ba

Da zarar tsaro ya taɓarɓare a kusa da wata jami'a, abin da kowa ke jira shi ne takardar magatakarda: an rufe makaranta har sai abin da hali ya yi, ɗalibai su kwashe kayansu kafin yamma. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga shugaba, domin idan ɗakunan kwana suka zama wayam, nauyin rayuka ya sauka daga wuyansa. Sai dai nauyin ba ɓacewa yake yi ba. Kan yaro yake komawa, wanda zai tsaya a tasha da akwati yana neman motar da za ta bi hanyar da ta fi makarantar hatsari.

Jami'ar Maiduguri ta taɓa rufewa a watan Yulin 2011, lokacin da rikicin Boko Haram ya rincaɓe a cikin gari. Bayan ta sake buɗewa, ta ci gaba da karatu a shekarun da suka fi muni. Ranar 16 ga Janairun 2017, da asuba, aka kai harin ƙunar baƙin wake a masallacin cikin jami'ar, Farfesa Aliyu Mani na fannin likitancin dabbobi ya rasu, Allah ya jiƙansa. A watan Yulin shekarar kuma aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka kashe ma'aikatan jami'ar, aka sace uku waɗanda ba su dawo ba sai a Fabrairun 2018. Duk da haka shugaban jami'ar na lokacin, Farfesa Ibrahim Njodi, bai sallami ɗalibai ba. Gwamnatin jihar Borno ƙarƙashin gwamnan lokacin, Kashim Shettima, ta ba da kuɗi aka haƙa rami a bayan makarantar, ɓangaren da ke kallon daji, aka ƙara masu gadi, aka shiga aji, aka rubuta jarrabawa.

A ganina sun yi daidai. Ƙungiyar da ta ɗaura yaƙi da karatun boko ba ta da burin da ya wuce ganin kwaɗo a ƙofar jami'a mafi girma a arewa maso gabas. Kuma ɗalibai da yawa ba su da gidan komawa ma, garuruwansu an tashe su.

Amma buɗe ƙofa jarumta ce kawai idan shugaba ya san inda kowane ɗalibinsa yake kwana. A nan muke da rauni. A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibi mata, daga gidajen haya a Sabon Gida. Makonni kaɗan bayan haka aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma a gidan haya. Idan irin wannan ya faru, sau da yawa sai ka ji ana jaddada cewa ai a wajen makaranta ne, kamar hakan ya wanke kowa. To wa ya fitar da su waje? Jami'ar da ta ɗauki ɗalibai fiye da gadajen da take da su ita ce ta tura yarinya 'yar shekara sha takwas ɗaki a bakin daji, mai ƙofar langa-langa da sakata guda.

Na san shugaban jami'a ba shi da soja, kuma kuɗin gini a hannun gwamnati yake. Amma yawan ɗaliban da za a ɗauka, da shi da majalisar malamansa ake yankewa. Yana iya rajistar gidajen haya, ya hana kama ɗaki a unguwar da ba ta da tsaro, ya zauna da mai unguwa da 'yan sa-kai tun kafin a ji ƙarar bindiga. Ranar da abin ya auku kuma, shi ya kamata ya fara kiran iyaye, ya faɗi adadin da aka ɗauka ba tare da ragi ba. Bai dace uwa ta fara ganin hoton 'yarta a Facebook alhali wayar jami'a tana kashe ba.