Samfurin gwaji ba sai ya yi kyau ba

Masu fara koyon zane da ƙira da yawa suna ɗauka cewa samfurin gwaji dole ne ya fito tamkar kayan da za a sayar, a yi shi da katako mai tsada ko a buga shi da injin 3D, wato injin da ke fitar da abu da cikakkiyar siffarsa daga zanen kwamfuta. Wannan fahimta tana ɓata wa mutum lokaci, kuma tana sa shi tsoron gyara abin da ya sha wahala a kai.

Aikin samfur shi ne ya amsa tambaya ɗaya: hannu zai riƙe shi daidai? Zai tsaya da ƙafarsa? Kwali da gam da yumɓu da waya sun isa. James Dyson, wani mai ƙirƙira ɗan Birtaniya, ya yi samfuri 5,127 kafin injinsa na zuƙe ƙura ya kammala, na farkon kuwa da kwali ya haɗa shi. Har yau kamfanonin mota suna sassaƙa siffar mota da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe.

Ni abin da nake so mai koyo ya fara ƙwarewa a kai shi ne yankan kwali. Ka ɗora rular ƙarfe, ka ja wuƙa a hankali sau uku ko huɗu, kada ka danna ta da ƙarfi a karo ɗaya, sai ta zame ta ci yatsa. Ka kuma duba layin da ke cikin kwalin: ta gefen da ya bi ne yake lanƙwasuwa cikin sauƙi.