Tunawa ba ta da rumbu guda a ƙwaƙwalwa

Yana damuna yadda ake yawan cewa akwai wani lungu guda a ƙwaƙwalwa da ake tara duk abin da mutum ya sani, kamar rumbun hatsi, in ya lalace komai ya tafi. Ba laifi a zaci haka, domin wanda ya ga tsoho mai mantuwa zai ɗauka duk abin ne ya gushe.

Amma tunawa aiki ne na hanyoyin jijiya masu yawa. Can ciki, daidai saitin kunnuwa, akwai hifokamfas, ɗaya dama ɗaya hagu, shi ke ɗaure sabon abin da ya faru. Saƙonsa yana bin wata igiyar jijiyoyi mai lanƙwasa, foniks, ya ratsa talamas, mahaɗar saƙonni da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya kai ɓawon ƙwaƙwalwa, ya dawo. Masanin ƙwaƙwalwa James Papez ya bayyana wannan zagaye a 1937, ko da yake shi hanyar motsin rai ya ɗauke ta. Dab da gaban hifokamfas amigdala take, mai lura da tsoro, shi ya sa ranar firgici ke daɗewa a rai.

A 1953 aka yi wa wani mutum mai suna Henry Molaison tiyata a Amurka saboda farfaɗiya, aka cire mafi yawan hifokamfas ɗinsa na gefe biyu. Bai manta sunansa ba, magana kuma lafiya lau. Sabon abu ne ba ya zama: likita zai fita ya dawo, sai Molaison ya gaishe shi kamar baƙo. Amma da aka yi ta sa shi zana tauraro yana kallon madubi, sai hannunsa ya riƙa ƙwarewa, shi kuwa bai tuna ya taɓa gwadawa ba. Ƙwarewar hannu wasu hanyoyi take bi, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, waɗanda wuƙar likita ba ta taɓa ba.