Jan Ido a Hanyar Maigatari

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta watse, rana ta yi ja. Wata tsohuwar bas ta ɗauki hanyar Gumel cike maƙil: mutane, buhunan barkono, da awaki biyu a but. Rediyo na ta amo, wayoyi huɗu na lilo a jikin caja. Bafulatani ne a gaba kusa da direba, sandarsa tsakanin ƙafafu.

BAFULATANI: Direba, motarka ta buɗe ido.

DIREBA: Wane irin ido kuma, Jauro?

BAFULATANI: Ga shi nan ja wur, kamar ɗan akwati mai kunne biyu. Aradu ni yake kallo.

DIREBA: Ado ne na kamfani. (Ya yago baƙin salatif ya liƙe wurin.) To, ya yi barci.

KWANDASTA: Oga, wutar batir ce fa. Tun Talata take ƙiftawa, yau kuma ta zauna daram.

DIREBA: Wa ya sa da kai? Karɓi kuɗin mota!

IYA: Ni dai, ɗan nan, tun da muka taso nake jin wani ƙiii daga gaba. Na zaci akuya ce, sai na tuna awakin suna baya.

KWANDASTA: Fambel ne, Iya, bel ɗin da ke juya abin cajin batir. Oga, wata shida na yi a gareji kafin a kore ni, na san wannan. Mota ba ta caji, abin da ya rage a batir kawai muke ci. Kashe rediyo, a zare wayoyin nan.

ALHAJI: Wayar wa za a zare? Dillalina zai kira ni kan bijimi!

KWANDASTA: Alhaji, ko wayarka ta mutu, ko mu kwana a daji. Zaɓi ɗaya.

Alhaji ya zare da hannunsa, yana ƙunƙuni.

KWANDASTA: Allurar zafi fa, Oga? In ta fara hawa, bel ya tsinke ke nan, famfon ruwa ya tsaya, sai mu faka nan take kafin inji ya ƙone.

DIREBA: Tana tsakiya.

KWANDASTA: To saki ya yi, bai tsinke ba. Mu lallaɓa. Kada dai ka kashe ta.

MALAM: Direba, magariba ta kawo jiki. A tsaya a kashe mota a ba da farali.

DIREBA: Allah gafarta Malam, tsayawa dai za a yi, amma in na kashe ta, kai za ka ja sahun masu turi.

MALAM: To a bar ta tana tasbihinta.

Aka yi salla a gefen titi, mota na gurnani. Da aka koma duhu ya fara, direba ya kunna fitila, sai ga haske kamar na aci-balbal. Da ƙyar da jiɓin goshi aka ga fitilun Gumel.

KWANDASTA: Oga, mu zarce wajen mai riwaya.

MALAM: Masha Allah, ashe akwai alaramma a nan. Riwayar wa yake yi, Warshu ko Hafsu?

KWANDASTA: Ta wayoyin mota, Malam.

MALAM: Wannan ba mu same ta a wajen malamanmu ba.

Mai riwaya ya fito da tocila a baki da mita a hannu. Direba ya tare shi tun kafin ya sunkuya.

DIREBA: Batir ne ya mutu. Nawa sabo? Bari ma in cire kansa inji na aiki, ka gani da idonka.

MAI RIWAYA: Kul! Haka kuke ƙona kayan wutar mota, gobe ku ce sammu ne. (Ya ɗora mita.) Duba nan. Batir mai lafiya, mota a kashe, 12.6 yake nunawa. In inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Taka tana aiki amma 11.8. Altaneta ba ya ba shi komai.

BAFULATANI: Wane ne Altine?

MAI RIWAYA: Altaneta, Jauro. Shi ke samar da wuta, batir ajiyewa kawai yake yi.

BAFULATANI: Yawwa, na gane. Ɗaya saniya, ɗaya ƙwarya. Direba, kai in ka ga ƙwarya ba nono, sabuwar ƙwarya kake saya?

Bas ta kwashe da dariya, har Iya sai da ta goge ido da gefen mayafi. Mai riwaya ya sa aka kashe inji, ya danna bel da babban yatsa, bel ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya haska kan batir: farin gari ya yi masa rawani, ga wata ƙusa an dake a gefe.

MAI RIWAYA: Wannan ƙusar fa?

DIREBA: Kan ne yake rawa, na yi masa waigi.

MAI RIWAYA: Allah ya shirye ka. Yaro, karɓo ruwan zafi wajen mai shayi.

Aka wanke kan batir, aka kankare, aka ɗaure da sifana. Mai riwaya ya sassauta noti, ya sa ƙarfe ya banƙare altaneta har bel ya yi tauri, ya ƙulle.

MAI RIWAYA: Bel ɗin ya tsattsage, gobe ka sa sabo. In jan idon ya dawo bayan haka, burushin cikin altaneta ne ya cinye, ka kawo in buɗe. Tayar.

Direba ya murɗa makulli. Ƙyat, ƙyat, shiru.

KWANDASTA: Jama'a, a sauko a taimaka!

Malam ya naɗe babbar riga ya ja sahu kamar yadda aka yi masa alkawari, Alhaji na turi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da matacciyar waya. Mota ta yi tari ta tashi. Mita ta nuna 14.1. Mai riwaya ya ɓare salatif, babu jan ido.

MALAM: Tun a daji na yi mata tofi.

MAI RIWAYA: To Malam, sai mu raba kuɗin aikin.

MALAM: A'a, ni nawa sadaka ne.

BAFULATANI: (Ya leƙa gaban sitiyari.) Direba, waɗancan salatif ɗin guda biyu fa?

DIREBA: Kada ka taɓa, Jauro. Da su na sayi motar.