Tambarin da ke jikin butar shayi, da dutsen gugar ƙanena a Maradi

A wurin aikina a Ingila, duk wani abu da ake jona wa wuta, tun daga butar dafa shayi har zuwa kwamfuta, yana ɗauke da ɗan tambari mai ranar da aka gwada shi. Da farko na ɗauka fi'ili ne irin na waɗanda wuta ba ta ɗauke musu, sai ranar da na tsaya na ga yadda mai gwajin yake aiki. Kafin ya taɓa na'urarsa, sai da ya bi wayar butar da yatsunsa daga farko har ƙarshe yana neman tsaga, ya kwance kan fulogi ya duba fis, wato abin da ke katse wuta idan ta yi yawa, sannan ya auna ko wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, tana haɗe da jikin ƙarfen, ya kuma tura bolt 500 domin ya ga ko robar da ta rufe wayoyin tana yoyon wuta.

Dokar da suke dogaro da ita ta 1989 ce, kuma ba ta ce sai an yi gwaji kowace shekara ba. Abin da ta ɗora wa mai wurin aiki shi ne ya kula da kayansa don kada su cutar da kowa. Hukumarsu ta kiyaye lafiyar ma'aikata ma ta bayyana cewa mafi yawan lahani da ido ake gano shi, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai.

Da na je gida a daminar da ta wuce, na zauna a shagon ɗinkin ƙanena, inda na ga yaron shagonsa yana guga ba takalmi a kan siminti mai laima, wayar dutsen gugar an ɗaure ta da leda a wuri biyu, bakinta kuma ba fulogi, tsiraran wayoyi ne aka cusa a soket aka tokare da tsinken ashana. Na ce, "Ƙanena, wannan ba ya jan yaron?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ɗan kaɗan ne, ya saba." Jan da ake kira ɗan kaɗan alama ce cewa wuta ta riga ta sami hanya zuwa jikin ƙarfe, kuma bolt 220 da ke zuwa shagon bai bambanta da 230 na Ingila ba wajen tsayar da zuciya.

Na san dalilin tsinken ashanar: kayanmu wasu ta Jibiya suke shigowa da fulogi mai ƙafa uku irin na Najeriya, soket ɗinmu kuwa mai rami biyu ne irin na Faransa, sai a yanke fulogin a huta, a zubar da fis da wayar ƙasa tare. Ban ce a kawo mana tambari da na'ura mai tsada ba, domin tela ba zai iya ba. Amma maigidan da ya karɓi ɗan mutane amana yana iya duba wayoyinsa kowace Juma'a kafin ya rufe shago, ya sayi fulogin da ya dace. Ni dai ban bar shagon ba sai da aka kira mai gyaran wuta ya sauya wayar gaba ɗaya.