A kai yaran Maraɗi Madarumfa su jefa fatsa

Wani dare muna cin tuwo a gidan ƙanwata a Bagalam, ɗanta mai shekara tara ya tsamo kan tarwaɗa daga cikin miya, ya juya shi, ya ce: "Kawu, wai gashin bakin nan da shi ake haifarta, ko sai ta tsufa?" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma tambayar ta bi ni har gida. Yaron nan ya san kifin ƙanƙara da ake saukewa a kwali, ya san na gwangwani, ya san soyayye a faranti da yaji a gefe. Kifi mai rai yana wutsil-wutsil a hannu ne bai taɓa riƙewa ba. Kuma daga ƙofar gidansu zuwa tabkin Madarumfa bai kai kilomita 30 ba.

Abin da nake so in jawo hankali a kai ƙarami ne, har wani zai ce bai isa sharhi ba. Sau ɗaya a shekara, a hutun lakwal na ƙarshen Disamba, a ware yini guda a kwashi yara da iyayensu a kai su bakin tabki, a ba kowane yaro fatsa da tsutsa, a yi gasa. Babu kuɗin shiga ko dala ɗaya. Babu wanda za a biya ladan aiki. Masu shiryawa mu ne: fadojin matasa, malaman lakwal da na allo, iyaye mata, sannan masunta a gaba. A Amurka ƙananan garuruwa da yawa suna yin irin wannan, ƙungiyoyin unguwa su sayi ƙugiyoyi, tsofaffi su zauna suna koya wa yara ɗaura tsutsa. Amma ba sai mun ara daga can ba. Gayya tamu ce, kamun kifi ma namu ne, haɗa su kawai ba mu yi ba.

Maraɗi ba baƙuwar ruwa ba ce. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu. Wato ruwa ne ya zana mana garin da muke ciki yau. Waɗanda suka manyanta suna ba da labarin lokacin da gulbi kan daɗe da ruwa, yara su yi ta kamun kifi a kududdufan da ya bari bayan damina. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, manoman fadama suke kukan cewa gulbin ba kamar da ba ne. Tabkin Madarumfa kuwa yana nan, ga kaburburan waliyyai 99 kewaye da shi, waɗanda Nijar ta sa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Baƙo daga Yamai zai zo ya ɗauki hoto ya koma, ɗan Mokoyo ko Sabon Gari kuwa sai ya gama firamare bai taɓa ganin wurin ba. Mun bar 'ya'yanmu sun zama kifin rijiya.

Na san abin da uwa za ta fara faɗi, kuma tana da gaskiya: ruwa yana cin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum dubu 300 ne ke mutuwa a ruwa kowace shekara, kuma yara ne kan gaba. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don wannan matsala kaɗai. Mu nan ba ma buƙatar alƙaluma, kowace damina sai an ji an tsamo yaro daga ramin da aka haƙi ƙasar bulo. To amma a duba yadda abin yake faruwa. Yaran da ruwa ke ci ba waɗanda babba ya riƙo hannunsu ya kai su ba ne. Waɗanda suka sulale da tsakar rana ne, bayan an ce musu kada su kuskura, su uku ko huɗu, babu wanda ya iya iyo, babu wanda ya san ana iya tafiya taku biyu ƙasa ta ɓace ƙarƙashin ƙafa. Hani mun daɗe muna yi, bulala ma mun yi, ba su daina zuwa ba. Abin da ba mu gwada ba shi ne a tsayar da yaro a bakin ruwa, masunci ya nuna masa da sanda: nan laka ce mai riƙe ƙafa, nan rami ne, in ɗan'uwanka ya faɗa kada ka bi shi, miƙa masa gora ka yi ihu. Darasin minti goma ne, kuma yaro zai fi jin sa daga bakin mutumin da ya ga kwale-kwalensa da idonsa.

Shi ya sa nake cewa fatsa, ba koma ba, ba taru ba. Mai fatsa a tudu yake tsayawa. Wannan kuma yana toshe wata ƙofa da ba a cika maganarta ba, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa kwance, ta ratsa fatar wanda ya shiga, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar hakan alamar girma ga ɗa namiji. In aka ja igiya aka ce babu yaron da zai tsallake ta, aka kuma sami ma'aikacin lafiya ɗaya ya yi bayani kafin a fara, to ranar ta biya kuɗin man da aka ƙona ko da ba a kama kifi ko ɗaya ba. Sanyin Disamba ma zai taya mu, don ba yaron da ke marmarin wanka a hunturu.

Da zarar an ambaci gasar kifi, Argungu ke zuwa zuciyar kowane Bahaushe. Ina girmama Argungu. Tun 1934 ake yi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu ga Kabawa, kuma a 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake adanawa. Dubban maza su ruga kogin Matan Fada da homa da gora, a fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Abin kallo ne. Amma yaro a Argungu ɗan kallo ne, kuma biki mai girma haka yana rataye ne a wuyan gwamnati da yanayin tsaro: ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, sai a 2020 aka dawo da shi. Ni ba ƙaramin Argungu nake nema wa Maraɗi ba. Abin da nake nema shi ne abin da ko gwamna bai zo ba za a yi, ko rediyo bai sanar ba za a yi.

Nan ne maganar kyauta ta shigo, kuma a kanta nake so in daɗe. Wani abokina ɗan kasuwa ya ce mini a sa ko jika ɗaya ce kan kowane yaro, don abin da aka samu a banza ba a ganin darajarsa. Na ce masa: "Alhaji, kai da 'ya'ya huɗu jika huɗu ba komai ba ne. Mai turin kura da ke da bakwai fa?" Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, kuma a Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Yawancin waɗannan yara iyayensu ba za su cire kuɗin hatsi su biya wasa ba, kuma bai kamata su yi ba. Ranar da aka kafa tebur da rasit a bakin tabki, an riga an zaɓi waɗanda za su shiga: 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa, su da ke da talabijin da wayar wasa a gida. Almajirin da ya fi kowa yawon bakin kududdufi, shi ne zai tsaya bayan igiya yana leƙe. Haka ma kada a ce sai mai katin lakwal. Yaro ya zo da babba da zai tsaya masa, uba ne, yaya ce, malaminsa na allo ne, shi ke nan. Yara mata kuma a ba su fatsarsu a hannu, kada a tura su wurin wanke kifi da hura wuta tun kafin a fara.

Aikin sa kai ma ba don rowa nake nacewa a kansa ba. Mun ga yadda abubuwa ke lalacewa a garin nan. Abu ya fara da kyau, shekara ta biyu wani babba ya ce zai ɗauki nauyi, sai ga rumfa da kujerun manyan baƙi, sai ga riguna masu hoton fuska, sai jawabi bayan jawabi, yara na zaune cikin rana tun hantsi ana jiran mai girma ya iso. Shekara ta uku kwamiti ya rabu biyu kan kuɗin zama. Shekara ta huɗu babu zaɓe a gaba, babu mai tunawa. Wanda yake so ya taimaka, bismilla: ya kawo ƙugiya kwali ɗaya, ko ruwan sha, ko ya ba da motarsa ta kwashi yara, ya koma cikin jama'a ya zauna. Waɗanda suka ga zamanin samariya, ƙungiyoyin matasa na lokacin Seyni Kountché, sun san unguwa tana iya gina aji da hannunta. Matasan da ke kwana suna dafa shayi a fada su ne jikokin waɗannan mutane, kuma ban yarda ƙarfin ya ƙare ba. Ba a ba su abin yi ba ne. A ce kowace fada ta kawo mutum biyar, kowane ɗaya ya kula da yara biyar, idonsa a kansu daga sauka mota har komawa. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu karatun noma da muhalli su riƙe sikeli da littafi. 'Yan agaji da 'yan kwana-kwana a gayyace su tun da wuri, da takarda, ba ranar ba.

Akwai waɗanda ba za a tsallake ba, su ne masu ruwan. Tabkin nan gonar wasu ce. Da kifinsa suke aurar da 'ya'ya, suke biyan magani. Mutanen birni su sauko da mota goma ba sallama, wannan cin fuska ne, kuma zai kashe abin tun ran farko. Sarkin Ruwa ne zai ce ga gefen da za a tsaya, ga ranar da ta dace, ga yawan yaran da wurin zai ɗauka. Ma'aikatan gandun daji ma a nemi izininsu. Turawa kan kama kifi su ɗauki hoto su mayar da shi ruwa. A Maraɗi in ka ce yaro ya saki karfasa mai faɗin tafin hannu, uwarsa ce za ta fara yi maka kallon mahaukaci, kuma ina bayanta. Abin da ya kai ci a tafi da shi gida. Amma 'yan ƙanana a mayar, a kuma gaya wa yaro dalili. Wanda ya saki ɗan kifi da hannunsa yana shekara goma, da wuya ya girma ya shiga ruwa da gidan sauro yana kwashe har ƙwai.

Kyautar gasar kada ta wuce littafi da alƙalami da sabulu. A raba ta yadda ba gwani kaɗai zai samu ba: wanda ya fara kamu, wanda ya kama mafi girma, wanda ya iya faɗin sunan kifi mafi yawa. Ina so in ga yaron birni da zai bambanta kurungu da tarwaɗa, ya kuma san gaiwa tana shiga laka ta yi rani a can har ruwa ya dawo. Wanda bai kama komai ba, ya koyi zama shiru na awa biyu, abin da yawancinmu manya muka kasa tun da waya ta shigo aljihu.

Saura tsaro, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Ƙauyukan iyaka na gundumar Madarumfa sun sha wahalar ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma tun 2019 jihar nan take karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Ba wanda zai kwashi 'ya'yan mutane ba tare da jami'an tsaro sun ce hanya ta yi ba. A tafi da safe, a dawo kafin la'asar. In shekarar ba ta ba da hali ba, a nemi mai tabkin kiwon kifi kusa da gari ya ara wurinsa na yini ɗaya, a haɗa kuɗi a biya shi abin da aka kama. Bai kai tabki daɗi ba, amma ya fi fasawa. Wani kuma zai ce ana fama da tsadar masara kai kana zancen wasa. A watan Disambar nan dai gari kan tsaya cak saboda kokowar takobi, kowa kunnensa a rediyo, kuma ban taɓa jin an ce a rufe filin kokowa na Kantu sai hatsi ya yi araha ba.

Shekarar farko kada a wuce yara 50 daga unguwa biyu. Ni na riga na yi magana da fadar ƙofar gidanmu, mutum shida sun ce suna ciki, ɗaya yana da ɗan'uwa mai mota. Makon jiya na je Madarumfa da goro na sami wani dattijon masunci yana ɗinkin koma a inuwa. Na zayyana masa komai. Ya daɗe bai ɗago kai ba, sannan ya ce: "Ɗana, ƙugiya ƙanana za ku sayo, manya ba sa shiga bakin karfasa. Tsutsa kuma kada ku wahala, jikokina za su tono. Amma sai ka fara zuwa gidan Sarkin Ruwa." Ranar Asabar zan koma, da ɗan ƙanwata a bayan babur.