Tafasa da rassan bedi sun cinye bakin hanya a Damagaram

Daga watan Agusta zuwa kaka, mai tafiya da ƙafa a unguwanni da dama na Damagaram ba shi da wurin takawa. Tafasa da ƙarangiya sun rufe gefen hanya, tumfafiya ta fito a bakin kanibo, rassan bedi kuma sun sauko har suna shafar kan mutum. Dole a hau kwalta, inda 'yan kabu-kabu da motoci ke gudu. Wanda ya fi shan wuya shi ne makaho da ɗan jagoransa, da tsohuwa mai sanda, da yaran da ke komawa makaranta a watan Oktoba, daidai lokacin da ciyawar ta gama ƙosawa. Ga sauro da ke fakewa a cikinta a tsakiyar lokacin zazzaɓi.

Kowa na ƙorafi, amma a ina? A fada wajen shan shayi, ko a WhatsApp. A ganina nan ne kukan ke mutuwa. Tsabtar hanyoyin gari aikin ma'aikatar magajin gari ne, kuma birnin ya kasu gundumomi 5, kowace da ofishinta. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, babu kansilan unguwa da za a tare a ƙofar gida. Saura mai unguwa da takarda. A rubuta koke, a faɗi sunan unguwa da daidai wurin, a haɗa hoto, magidanta su sa hannu, mai unguwa ya shige gaba, kuma kada a baro ofis sai an buga hatimi a kwafin da za a riƙe. Ma'aikaci yana iya mance maganar baki, takarda mai kwanan wata kuwa tana nan tana jiran amsa.

Wasu za su ce, don me ba za mu ɗauki lauje da gatari mu yi da kanmu ba? Ciyawa kam gaskiyarsu ne, wanda ya bar tafasa ta kai gwiwa a ƙofar gidansa ba shi da bakin zargin hukuma. Itace kuwa daban ne. Doka ta kare shi, wanda ya sara ba izini yana iya haɗuwa da tarar ma'aikatan gandun daji, shi ya sa mutane ke kallon reshe yana tokare hanya su kauce. Ni ma ba na so a saki gatari a hannun kowa. A ƙasar da ke bikin dashen itace duk ranar 3 ga Agusta, a garin da zafin bazara ke wuce awo 40, inuwar bedi ba abin wasa ba ce. Rage rassa ake nema, ba sarewa ba, kuma wanda ya iya ne zai yi shi.

Abin da nake roƙon hukumar gari shi ne ta zauna da ma'aikatan gandun daji su tsayar da lokacin rage rassa kafin ruwa ya sauka, da na nome bakin hanya kafin a koma makaranta, a sanar a rediyo unguwa-unguwa. Matasan fada suna nan, in an ba su kayan aiki da ɗan abin hasafi za su fito.